Shekarar da Nik Kira Gayyar Kwamfuta

Da sunan Allah za ni soma, Shi da ya san inda gaskiya ta tsaya cikin zancena da inda gishiri ya soma.

Ku ɗiyana da jikokina, na san abin da kunka ji a kaina. An ce maku ubanku Tunau, da hurhura a gemu, ya zauna wasan gem awa ƙaramin yaro hal shagonai yam mutu. Kun ji shi bakin 'yan kasuwa, kun ji shi wajen suna, kuma na tabbata uwarku ta ɗan yayyahwa maku shi ranar da nib ɓata mata rai. Ban taɓa musu ba, don mutumin da nike ɓoye ma zancen shina da rai lokacin. Yanzu Yaya Labbo ya koma ga Mai shi, Allah shi jiƙan shi, bakina ya samu sako. Kun san halina, in na ce na ga raƙumi ku rage shi zuwa jaki. Amma wanga labari ku bar min shi yadda nik kawo shi.

Yaya Labbo wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, direban babbar mota tun kamin in san hannun dama da na hagu. Daga nan Sabon Birni zuwa Isa, daga Isa zuwa gaba, gero da dawa da albasa, ba abin da bai ɗauka ba. Dut ramin da ke hanyar Isa ya san shi, wasu ma shi yar raɗa masu suna. Mutum ne mai amo. In ya yi dariya a tasha, kaji na watsewa hal ƙauyenmu Tsamaye. In ya danna oda a bakin gari, matatai Dije na aza tukunya, don ta san kamin ruwa shi tahwasa ya shigo shina tambayar wa yat taɓa mai butatai. To, a shekarar da hanya tal lalace, 'yan bindiga sunka tare shi tsakanin nan da Isa. Sunka ƙone motar shina kallo, sunka shige daji da shi. Allah Ya maido muna shi bayan makonni, da ƙahwahunai, ba karaya ba rauni. Munka yi murna, munka yi sadaka. Yash shiga ɗaki don shi huta, kuma bai sake hitowa ba.

Wata ɗaya, wata biyu, hal damina tak kama. Salla a ɗaki, abinci a ɗaki. In ka yi sallama shi amsa da kai. Rannan Dije tat tare ni a zaure, tana murza bakin zanenta.

"Tunau, ka dai san yayanka. Mutumin da ko cikin kwana hwaɗa shike yi da kwandasta. Jiya da gangan nis sa ma tuwo gishiri hal sau biyu, don dai shi zage ni. Wallahi ya cinye tas, yam miƙo min kwano."

"Bar ni da shi, Yaya Dije," nic ce. "Ni da nis sa mai takaba dariya, Labbo za shi gagare ni?"

Ya gagare ni. Na kai mai dut ƙaryar da nit tara tun ƙuruciya, da sabbi da tsohhi. Na gaya mai kuren da yab bi ni hal Gatawa shina roƙon in sauke shi a babur. Idon Yaya dai na kan bango. Ba hushi a huskar, ba baƙin ciki, awa dai mutum ya tahi wani gari ya bar rigatai zaune bisa tabarma.

Ni ko lokacin ina da shago bakin kasuwa, cajin waya da turi. Turi shi ne mutum shi kawo wayatai in zuba mai fim ko waƙa ko wa'azi daga kwamfuta. Kwamfutar nan tawa Gwaggo nike ce mata, don ta tsuhwa kuma ta san asirin kowa. Shekaru nid ɗauka ina tara abin da ke cikinta: wa'azin malaman da sunka rasu, kiɗan da ko masu shi sun manta, hinahinan da matan aure ke aiko yara da suna a takarda. Abin da ya sa ake tsallake shago uku a zo wurina ke nan. Jikin shagona kuma akwai Salisu ɗan Maraɗi, mai gyaran waya da kwamfuta, dattijo mai tabarau, wanda ba shi iya gama magana bai jehwa Faransanci ba. Shi ne wata ranar azahar, kasuwa ta yi sanyi, yas sa ma Gwaggo wani gem don mu kashe lokaci. Gem na tuƙin babbar mota.

Ɗiyana, ban san yadda za ni gaya maku ba. Hanya ce baƙa wuluk, shimhiɗe awa an goge ta da dutsen guga, ta miƙe ta shige cikin duwatsu masu ciyawa. Ba rami ko ɗaya. Ba shinge bisa hanya, ba itace a gicciye, ba wanda ke hitowa daga cikin dawa. Gonaki kore shar dama da hagu, hal inda ido yaƙ ƙare. Can sai hadari shi taso, ruwa shi sauko bisa gilashi, waifa na share shi a hankali, dama, hagu, dama, hagu. Kana tahiya rana na sauka bayan wani tabki, ba ka duba agogo, ba ka lissahin ko za ka kai gari kamin magariba. Na zauna ina kallo hal nij ji ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙa, alhali shagona warin batir shike yi. Nic ce a raina, wagga hanya ta Labbo ce, an dai ɓoye mai ita cikin akwati.

Sai dai Gwaggo ba ta iya ɗaukar kayan. Motar ta yi taku uku ta tsaya, ta yi tsalle, ta daskare, sai ka gan ka cikin gonar mutane. Awa jakin da anka ɗora ma buhu shidda. Dut da haka da la'asar nit tahi ɗakin Yaya, niz zauna bakin ƙohwa, nib ba shi labarin hanyar tun daga kwalta hal tabki. Na gama ina shirin tashi, sai nij ji murya, ta dushe awa ta hito daga rijiya.

"Motar tahiya take ko tari?"

Maganatai ta hwarko ke nan cikin watanni. Na so in yi ƙarya, ni da ƙarya ke zo ma baki kamin miyau, amma tak ƙi zuwa.

"Tana ɗan tari, Yaya."

"To bar ni," yac ce, yaj juya ma bango.

Na hito da sauri. Ai ya gaya min kuɗin kanai da bakinai: mota mai tahiya. Kuma ni ɗan manomi ne, a Tsamaye anka yanke min cibi. Abin da nis sani tun ina goye shi ne, in gona ta hi ƙarhin hauya ɗaya, gayya ake kira. Ka bi gida gida ka gaya ma mutane, kowa shi zo da hauyatai, ka dahwa abinci, a jera a kama kunya, kamin azahar gonar da za ta ci maka mako ta zama labari. To mi ya raba kwamfuta da hauya? In ɗaya ta kasa jan mota, huɗu su taru su ja.

Nis samu Salisu da zancen. Yac cire tabarau, yad dube ni, yam maida.

"Bon. Tunau, kwamfuta ba san huɗa ba ta. Ba a ɗaura mata karkiya."

"Ba ka ce ana haɗa su da waya su yi magana da juna ba?"

"Su yi magana, i. Ni da kai ma muna magana. Ka taɓa ganin na ɗauke maka ciwon baya?"

"Kai dai ka haɗa. Akwai tuwon shinkahwa da miyar kaza."

"Dakor," yac ce. "Amma ka shaida na gaya maka."

Nik kira gayya yadda ubanmu ke kiran ta, da goro a aljihu. Na je wurin Malam Hedimasta, mai laftof ɗin da ake lulluɓe ta da tawul awa jinjira. Na je wurin Alhaji mai kemis. Na je wurin Jauro, Bahillacen da ke cike ma mutane takardu a kwamfuta tun da shanunsu sunka ragu. Na zaci za su kore ni. Wallahi ko ɗaya bai yi gardama ba. Sai daga baya nig gane dalili: an daɗe ba a yi gayya ba a garin nan. Gonakin nesa sun gagari zuwa, kowa na ɗan karce bayan gida shi kaɗai, shina waige. Kalmar kawai da sunka ji, idonsu ya canza. Hedimasta hal cewa yay yi, "Za a yi hura da nono?" Tsoho Nomau makaɗin noma, wanda gangatai ta shekara rataye, ba wanda yag gayyace shi. Ya ji a gari, yaz zo da kanai.

Ranar Asabar da hantsi munka taru a zauren Yaya Labbo. Da gangan niz zaɓi nan, don tagar ɗakinai na kallon tsakar gida, dut abin da anka yi a zaure shina shiga kunnenai. Anka jera kwamfutoci huɗu bisa benci. Ni nit tsara su yadda ake tsara 'yan gayya, babba a gaba: Gwaggo a kunyar hwarko, ta Hedimasta na bi mata, ta Jauro a ƙarshe don ita ce ƙarama. Salisu na cin cinyar kaza da hannu ɗaya, shina soka wayoyi da ɗayan, shina girgiza kai. Anka tada janareto. Nomau yas saɓa ganga, yas soma yi masu kirari ɗaya bayan ɗaya, ya kira Gwaggo uwar gayya mai kwana da aiki, ya kira ta mai kemis baƙar saniya mai nonon asuba. Maƙwabta sunka cika ƙohwa. Mata na leƙe ta katanga, wata hal guɗa tay yi.

Ni ko a lokacin na riga na gama gani. Ina ganin ƙarhin nan na bin waya awa ruwa cikin lambatu, daga ta Jauro shi zuba cikin ta kemis, shi ƙaru, shi gangaro, hal shi cika Gwaggo ta batse. Ina ganin motar ta miƙe ta bar ƙasa, ta bi bisan gero, ta wuce Isa ba ta tsaya ba, Labbo a sitiyari shina zagin kowa. Nid danna maɓalli da bisimilla.

Motar ta yi taku uku, tat tsaya. Tay yi tsalle. Tad daskare, hancinta cikin shingen wani Bature.

Sauran ukun na zaune abinsu, kowace da hoton huskarta, ko gumi ba su yi ba. Nic ce ma Nomau shi ƙara wuta. Yaƙ ƙara, hal jijiyar wuyanai tat tashi. Nis sauya jeri, nim maido ƙaramar gaba ko tsohuwa ce ke tare hanya. Ba abin da yas sauya. Jauro ne yas soma dariya, irin ta Hillani mai shiga ciki, sannan zaure dut yad ɗauka. Hedimasta na share hawaye shina cewa, "Tunau, 'yan gayyarka sun ci tuwo sun ƙi noma!"

"Wala," in ji Salisu, shina suɗe yatsa. "Na ce ka shaida."

Ina tsaye kunya ta rufe ni hal wuya, sai Dije taj ja min riga ta baya. Munka koma gehe.

"Ya tashi zaune," tac ce. "Tun da anka tada injin. Ya ɗaga labule da yatsa ɗaya. Tunau, don Allah kada ka bari a watse haka nan."

Nik koma wurin Salisu, wanga karo ba wasa a bakina. Nic ce shi gaya min gaskiya, akwai hanya ko babu. Yac ce hanya ɗaya ce, kuma ba gayya ba ce, hiɗa ce. Ba a haɗa ƙarhinsu ta waya. Sai dai a buɗe ciki, a ciro abin da ke da kyau a wagga, a dasa ma waccan, a tada guda mai lahiya. Shina ruhe baki Hedimasta yaj jawo tawul yal lulluɓe tashi, mai kemis yar rungume tashi a ƙirji. Kuma suna da gaskiya. Ƙa'idar gayya ce, kowa da hauyatai shike komawa gida. Ba a taɓa kiran mutum noma a karye mai ƙota ba. Abin da za a yanka a gayya, na mai gona ne.

"Ina da wata gawar kwamfuta a shago," in ji Salisu. "Tana da katin hoto mai ƙarhi, irin wanda gem ke so. Amma ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da rumbun ajiya. Ka ɗauke ta, gudummawata ke nan. Gwaggo na da duka biyun."

"To mi muke jira?"

"Rumbun Gwaggo cike shike hal baki, kuma sai an share shi kamin shi zauna a sabon jiki. Ba mu da wurin juye ko kashi ɗaya cikin goma. Dut abin da kat tara, fit."

Na dubi Gwaggo. Na tuna wani wa'azi da wata tsohuwa a unguwarmu ke zuwa a tura mata dut sanda wayarta tab ɓace, na malamin ƙauyensu, wanda na tabbata ba shi wurin kowa a duniya sai wurina. Na tuna uwarku da ku, da abin da ke shiga tukunya daga shagon nan. Zan so in ce maku na yi dogon tunani awa mai hankali. Ban yi ba. Idona ya kai kan labulen nan da ke ɗage da yatsa ɗaya.

"Yanka ta," nic ce.

Aikin ya kai mu bayan azahar. Ba wanda yat tahi. Anka sha hura, anka yi salla, anka dawo anka zauna ana kallon Salisu da sukundireba awa wanzami. Da yag gama, yat tada sabuwar, mai jikin Maraɗi da cikin Sabon Birni. Nis sa hannu. Motar tat tashi sumul, tab bi kwalta awa kwale-kwale bisa gulbi. Ciyawa na kaɗawa, inuwar girgije na bin tudu. Zauren nan mai cike da manya, ba ka jin ko tari.

Ban aika a kira shi ba. Na san wana. Nis sa Salisu ya ƙure lasifika, sannan nis soma tuƙi mahi muni da anka taɓa yi tun da anka ƙera mota. Na tashi da giya ta huɗu. Na taka birki a kan gangara hal injin yay yi kuka. Na sha kwana ba sigina, na goge ma wata ƙaramar mota gehe, na danna oda ba dalili. Injin na gurnani, shina shaƙewa, shina roƙon a ji tausai nai. Ni kaina sai da abin yab ba ni haushi.

Ban ji takunai ba. Na dai ga mutanen da ke gabana sun buɗe baki, sannan inuwa ta rufe min gilashin.

"Wane jahili na ke kashe giya haka?"

"Ni na, Yaya. Koyo nike."

"Koyo? Kai ko amalanke anka ba ka sai ka kai ta lahira. Tashi!"

Nit tashi. Yaz zauna. Ya rame hal rigar na yawo a jikinai, hasken rana na sa shi ƙihta ido. Salisu yan nuna mai maɓallan, wanga giya, wanga birki. Ya zagi wanda yay yi mota ba sitiyari, ya zagi kujerar, ya zage ni kaina sau biyu. Can cikin gida nij ji Dije ta hwashe da kuka tana dariya. Kamin ya yi tahiyar kirki hannunai ya gane, kahwaɗunai sunka sauko. Motar tam miƙe. Ruwa yas sauko bisa gilashi, yak kunna waifa da kanai ba wanda yag gwada mai. Ya ratsa duwatsu, ya haye wata doguwar gada, ya shiga tsakanin gonaki. A nan ne yar rage gudu, yas sa sigina, yar raɓe gehen hanya yat tsaya. Ba abin da ke wurin sai ciyawa da iska. Ya daɗe shina kallo, muna bayanai ba mai motsi.

"Ba kowa a hanyar," yac ce a hankali.

"Ba kowa, Yaya. Hal ƙarshenta."

Yas sake tada mota. Bai tsaya ba sai da ladan yak kira la'asar. Ya nemi wuri mai kyau ya yi fakin, ya ja birkin hannu, ya kashe inji. Yam miƙe, yad dubi ƙohwar cikin gida, yad dubi ta waje. Sannan yas sa takalmin Hedimasta, don nashi sun daɗe da ɓacewa ƙarƙashin gado, yah hita titi. Hedimasta ko haka yab bi mu masallaci ƙahwa ba takalmi.

Kwamfutar a zauren tac ci gaba da zama, ban ɗauke ta ba. Shago ba turi, caji kaɗai ba shi riƙe gida, mutane sunka koma inda ke da fim. Kamin kaka nir ruhe shi, nik koma kabu-kabu cikin gari da tsohon babur, ni da ciwon bayana. Wanda dut yab biyo ta zauren ya gan ni zaune kusa da Yaya ina yi mai kwandasta, sai shi tahi shi ce Tunau ya lalace da gem. Waɗanda sunka san abin da anka yanka ranar na roƙe su su yi shiru, kuma sun yi. Da Labbo ya ji, da ya koma ɗakin nan don kunya.

A hanyar masallaci ranar, shina tahiya a hankali awa mai koyon taku, yad dube ni ta wutsiyar ido.

"Kai, yau ba Asabar ba ta? Wa kab bar ma shago?"

"Na ba shi hutu, Yaya."

"Hutu! Kai dai tun kana yaro ba ka son aiki."

"Haka na, Yaya," nic ce, nir riƙe mai hannu munka tsallake kwata.